Cin zarafi a cikin gida a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi: Abubuwan da ya kamata ka sani

Fiye da shekara goma ke nan, in aka ambaci arewacin Zamfara, maganar 'yan bindiga ce ke biyo baya: an tare hanyar Shinkafi, an shiga wani ƙauye a Zurmi, an ɗora wa manoma haraji kafin a bar su su yi girbi. Wannan masifa ta isa ta cika kunnen kowa. Sai dai akwai wani tashin hankalin da ba a kan babur yake zuwa ba, ba kuma a jin sa a rediyo, domin a bayan zana da katanga ake yin sa, kuma mai yin sa shi ne wanda aka damƙa wa amana ranar ɗaurin aure. Ya girmi ta'addancin daji nesa ba kusa ba. Abin da ta'addancin ya yi shi ne ya toshe ƙofofin da macen da aka zalunta ta saba bi ta tsira, kuma wannan ɓarna ce da ba a cika lissafa ta ba idan ana ƙirga asarar da yankin ya yi.

Mene ne cin zarafi a cikin gida?

Saɓani daban, cin zarafi daban. Ba gidan da ba a saɓawa. Abin da ake nufi a nan shi ne cutar da wani a cikin iyali ke yi wa wani, a jikinsa ko zuciyarsa ko abin hannunsa, musamman idan ta zama ɗabi'a har wanda ake yi wa ya koma zaman ɗar-ɗar. Babbar alamarsa tsoro. Matar da gabanta ke faɗuwa duk lokacin da ta ji sallamar mijinta a zaure ta wuce matakin saɓani.

Duka shi ne wanda kowa ya sani: mari, naushi, shuri, dorina, wayar wuta, shaƙe wuya, watsa ruwan zafi. Wani har mai ciki ba ya ƙyalewa. Idan aka kai ta asibiti kuma, sai ta ce zamewa ta yi a makewayi.

Na baki ba ya barin tabo, shi ya sa ake raina shi. Zagi har iyaye, gorin rashin haihuwa ko gorin haihuwar mata zalla, gorin talaucin gidansu, tozartawa a gaban kishiya da 'ya'ya. Akwai kuma gaba: miji ya yi wata guda bai ce mata uffan ba, ta ajiye tuwo ya tsallake shi ya fita, tana gaishe shi yana kallon bango. Mata da yawa da suka ga duka suka ga wannan za su gaya maka ciwon dukan ne ya fi saurin warkewa.

Sai horon yunwa da cin dukiya. A nan dole a bambanta rashi da ƙeta. Magidancin da ba shi da shi, ya fita ya nema bai samo ba, ba azzalumi ba ne. Azzalumi shi ne wanda zai ci tsire da shayi a bakin tasha ya bar gida ba kuɗin cefane, ko ya rufe rumbu ya tafi da makulli don ya hukunta matarsa. A ƙauyukanmu dukiyar mace sananniya ce: akuya ko tunkiya, kaji, kayan ɗaki, kuɗin adashi, ɗan jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ko fura. Idan miji ya kama akuyar ya kai kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba da yardarta ba, ya ci haƙƙin da shari'a ta ce nata ne ita kaɗai. Haka wanda ya hana ta sana'a alhali bai ɗauke mata komai ba, da wanda ya tafi ci-rani shekara biyu ba aike ba saki, da 'yan'uwa mazan da suka hana ta gonar gadonta.

Na shimfiɗa shi ne wanda kunya ta fi rufewa. Tilasta wa mace tana jego ko tana jinya, ko ƙaurace mata watanni don a ƙuntata mata, ko satar kwananta a kai wa kishiya. A wannan babin ne auren dole yake, da aurar da yarinyar da jikinta bai ƙosa ba, da fyaɗen da wani na gida ke yi wa yarinya a rufe maganar don kada a ɓata sunan zuri'a. A nan kuma zan sa hana mace zuwa awo, ko barin ta tana naƙuda kwana biyu ana jiran izinin mijin da ba ya gari. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari, sau da yawa kuma wanda ya jawo jinkirin shi ne ke fara gudun ta.

Akwai kuma tsarewa. Kulle shi kansa ba shi ake nufi ba. Mata da yawa suna zaune a cikinsa da mutuncinsu, suna zuwa Islamiyya da asibiti da biki da suna. Abin da ake nufi shi ne a mayar da kulle makami: a raba ta da iyayenta, a ƙwace wayarta, a hana 'yan'uwanta shigowa, a riƙa bin diddigin wanda ta gaisa da shi. Wani masani ɗan Amurka, Evan Stark, ya yi littafi a 2007 yana nuna cewa irin wannan mallakewar ta yau da gobe ta fi dukan kansa rusa mace, har Ingila ta mayar da ita laifi a dokarta a 2015.

Saki ma, duk da halaccinsa, ana iya yin zalunci da shi: kora cikin dare, hana ta yin idda a ɗakinta alhali Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana fitar da ita, da ƙwace mata yara ƙanana. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani auren ba. Mata nawa ne a Moriki ko Kasuwar Daji suka san wannan?

Ba tsakanin miji da mata kaɗai ba ne

Gidan Bahaushe gidan yawa ne, don haka cutar ma tana da hannaye da yawa. Uwar miji da ƙannen miji kan haɗe wa amarya kai. Kishiya kan cuci kishiya, ta huce a kan 'ya'yanta. Agola da maraya da ɗan riƙo da 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye su ne suka fi kowa rashin mai tsaya musu. Tsohuwar da ta fara ruɗewa kan sha tsawa da yunwa a hannun waɗanda ta raina.

Maza ma ana cutar su, kuma kunyar faɗa ta fi yi musu yawa. Shari'ar Maryam Sanda, wadda kotu a Abuja ta samu da laifin kashe mijinta Bilyaminu Bello ta yanke mata hukunci a Janairun 2020, ta girgiza arewa gaba ɗaya. A 2014 kuma aka zargi wata yarinya 'yar shekara 14 a jihar Kano da sa wa mijin da aka aura mata shinkafar ɓera a abinci. Duk da haka, in ana maganar waɗanda suka fi jin rauni, suka fi zama cikin tsoro, suka fi mutuwa, mata ne da yara, da tazara mai yawa.

Yaya girman matsalar yake?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafin jima'i, galibi daga mijinta ko wanda take tare da shi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2023 kaɗai mata da 'yan mata kimanin 51,100 ne mazajensu ko danginsu suka kashe, kuma Afirka ce ke kan gaba. A Najeriya, babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya gano cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko cin zarafin shimfiɗa ko na baki daga miji, kuma fiye da rabin waɗanda aka daka ko aka tilasta wa ba su taɓa neman taimako ba.

A wannan binciken, arewa maso yamma ce matanta suka fi ƙarancin cewa an taɓa dukan su. Mai yiwuwa akwai gaskiya a ciki, domin dukan mace abin kunya ne ga dattijon Bahaushe. Amma kada mu yi saurin yaba kanmu. Macen da aka tarbiyyantar a kan rufe sirrin ɗakinta, wadda ko sunan mijinta ba ta faɗa, ba lalle ne ta buɗe cikinta ga baƙuwa mai takarda da biro ba. Alƙaluman ba sa ƙirga abin da ba a faɗa ba.

Abin da yaro ya gani

Masana zamantakewa sun daɗe suna neman dalilin da zai sa mutum ya cuci wanda ya fi kusa da shi. Bayani mafi sauƙin ganewa shi ne na koyi. A 1961 Albert Bandura na jami'ar Stanford ya sa yara ƙanana suka kalli wani babba yana jibgar wata 'yar tsana ta roba. Da aka bar su da ita, sai suka yi mata irin dukan da suka gani, har da irin kalaman da suka ji. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa na rufe gardama da mari ya koyi cewa haka ake rufe gardama. Ƙanwarsa kuma ta koyi cewa haka aure yake.

Sai dai wannan ba hukuncin ƙaddara ba ne. Binciken Cathy Widom na 1989 a Amurka ya nuna yaran da aka zalunta sun fi wasu faɗawa laifin tashin hankali, amma mafi yawansu ba su faɗa ba. Kowa ya san magidancin da ya ga abin da uwarsa ta sha, ya yi wa kansa alkawarin ba zai taɓa ɗaga wa mace hannu ba.

Maganar iko

Wasu ma'aurata masu bincike, Rebecca da Russell Dobash, sun tattauna da mata fiye da ɗari da suka gudo daga mazajensu a Sukotland, suka fitar da littafi a 1979. Abin da suka gano shi ne dukan ba haka kawai yake faɗowa ba. Yana tasowa ne a inda miji ya ga an taɓa ikonsa: abinci bai nuna a kan lokaci ba, ta tambayi kuɗi, ta mayar da magana, ko kishi ya kama shi. A wurinsu tushen matsalar shi ne tsarin da ya ɗauki mace mallakar miji, ya kuma ba shi damar hora ta.

Binciken Najeriya na 2018 ya tambayi mutane ko miji na da hujjar dukan matarsa idan ta ƙona abinci, ko ta yi masa gardama, ko ta fita ba izini, ko ta yi sakaci da yara, ko ta ƙi shi a shimfiɗa. Kashi 28 cikin 100 na mata suka amince da aƙalla dalili ɗaya, maza kuwa kashi 21. Wato mata sun fi maza yarda a dake su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda abin ya shiga jini.

Wani zai ce ai wannan ra'ayin Turawa ne masu son rusa mana gidaje. Ya kamata ya tuna cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya soki mazan zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci da yin amfani da su tamkar kayan aikin gida. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan karkara. Ƙorafin namu ne tun kafin Bature ya zo.

Rashi, takaici da ƙwaya

Tun 1939 John Dollard da abokan aikinsa a jami'ar Yale suka ce wanda aka toshe wa hanyar biyan buƙata yakan huce a kan wanda bai kai shi ƙarfi ba, ko da ba shi ya toshe masa ba. A 1971 William Goode ya ƙara da cewa namijin da ke da abin hannu da mutunci a idon jama'a ba ya buƙatar ƙarfi kafin a ji maganarsa. Idan waɗannan suka kuɓuce masa, ƙarfin damtse ne kaɗai ya rage.

Ka auna wannan da manomin ƙasar Zurmi da ke cika rumbu da gero da dawa, yau ga shi a kangon wani a cikin gari, an kore masa shanu, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, matarsa ce ke surfe da wankau ana samun na koko. An wulaƙanta shi a gaban iyalinsa bai iya cewa komai ba. Wannan wuta tana neman inda za ta fita. In aka haɗa da tramol da wiwi da sholisho, waɗanda suka yi katutu a tsakanin matasa, abin sai ya ƙara muni.

Amma bayani ba uzuri ba ne, kuma wannan ra'in yana da giɓi. Mafi yawan talakawa ba sa dukan matansu, alhali akwai alhazai da 'yan boko masu yi. Sannan samun kuɗi a hannun mace ba kullum yake kare ta ba. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka yi a ƙauyukan jihar Kebbi ya nuna cewa inda aka bai wa mata tallafin kuɗi su kaɗai, cin zarafin shimfiɗa ya ƙaru, inda kuma aka haɗa tallafin da shirin bunƙasa sana'ar al'umma gaba ɗaya, ya ragu. Masu rabon tallafi a sansanonin 'yan gudun hijira suna buƙatar sanin wannan.

Don ba abin da zai biyo baya

A ganina, bayanin da ya fi haska halin da muke ciki shi ne na Richard Gelles, wanda ya ce a 1983 mutane suna dukan iyalinsu ne saboda suna iya yi ba tare da sun biya komai ba. Mutumin da ke cewa zuciya ce ta ɗebe shi bai taɓa marin ubangidansa a kasuwa ba, bai taɓa marin soja a shingen bincike ba. Zuciyar ta san inda take ɗibarsa.

Kakanninmu sun fahimci wannan, shi ya sa al'ada ta tanadi yaji da biko. Idan an cuci mace, sai ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ubanta ko na waliyyinta. Miji ba shi da yadda zai yi sai ya nemi dattawa su raka shi. A zaunar da shi a zaure, a tambaye shi abin da ya faru, surukinsa ya ce masa, "Mun ba ka aure ne, ba mu ba ka baiwa ba." Ya sunkuyar da kai, ya ba da haƙuri, wani lokaci ya yi ɗan kashe kuɗi, ya kwana biyu yana cin abincin kasuwa unguwa na kallon sa. Wannan kunya da wahala su ne farashin, kuma sun hana hannaye da yawa ɗaguwa karo na biyu.

Yaji yana aiki ne da sharaɗi uku: hanyar gida a buɗe take, gidan uban yana da abin da zai ciyar da ita, kuma akwai dattijon da miji ke jin nauyinsa. Idan uba ya tarbe ta da "Koma ɗakinki, ɗiyata, aure ɗan haƙuri ne," tun kafin ya dubi kumburin fuskarta, to ya gaya wa surukinsa cewa dukan kyauta ne. Haƙuri ibada ne, ba mai musun wannan. Amma idan kullum mutum ɗaya ake ba shi, ɗayan kuma ba a taɓa ce masa ya bari ba, sulhun ya zama goyon bayan mai ƙarfi.

Me ya sa ba ta tafiya?

Lenore Walker ta bayyana a 1979 cewa cin zarafi yakan zo ne a zagaye. Da farko gida ya ɗauki zafi, tana lallaɓawa tana kaffa-kaffa. Sai abin ya fashe. Bayan nan ya zo da tsire da atamfa, ya yi rantsuwa, ya ce sharrin Shaiɗan ne. Ta yarda, domin tana son ta yarda. Sai a sake komawa farko, kuma a hankali lokacin lallashin yana gajarta har ya ɓace. Ba kowane gida ne ke bin wannan tsarin ba, akwai mazan da ko sau ɗaya ba su taɓa ba da haƙuri ba.

Mace mai zama kuma ba wauta ce ta zaunar da ita ba. Lissafi take yi. In ta fita, wa zai riƙe mata yaran, kishiya? Ina za ta samo kuɗin da za ta fanshi kanta? Gidan nasu ma da ƙyar ake ɗora tukunya sau ɗaya. Ga gorin zawarci, ga masu cewa ta kasa zaman aure.

Michael Johnson ya kawo wani bambanci a 1995 da ya kamata duk mai yin sulhu ya riƙe. Akwai faɗan da ke tasowa daga gardama, ya wuce gona da iri, wani lokaci ma kowa ya taɓa kowa, amma ba wanda ke tsoron wani. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya mallake ɗayan da tsoro da tsarewa da duka a kai a kai. Nasiha da sasanci suna iya gyara na farko. A na biyu kuwa, zaunar da su wuri ɗaya a ce kowa ya faɗi laifin ɗan'uwansa jefa ta cikin haɗari ne, domin duk abin da ta faɗa a gaban mai unguwa za ta biya shi da dare.

A 1998 Lori Heise ta tattara waɗannan bayanai ta ce ba ɗaya daga ciki da ya isa shi kaɗai: tarihin mutum, yanayin aurensa, halin unguwarsa da abin da al'umma ta yarda da shi, duk suna haɗuwa ne. Irin wannan tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ke aiki da shi.

Abin da rashin tsaro ya sauya

Duba sharuɗɗan yaji guda uku, ka ga abin da ya same su. Hanya ta zama abin tsoro. Macen da ke aure a Shinkafi iyayenta na wani ƙauye a cikin daji ba za ta iya fita da asuba ta nufi gida ba. Ƙauyen ma wataƙila ya tashi, uban yana Ƙaura, wan yana Gusau, kawun ya tsallaka ƙasar Maraɗi. Dattawan da ake jin nauyinsu wasu an kashe, wasu sun zama 'yan gudun hijira masu neman abin da za su ci. A Satumban 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara don yaƙi da 'yan bindiga, 'yar sana'ar da mace ke dogaro da ita ta tsaya, wayar da za ta kira ɗan'uwanta ma ta mutu.

Sannan ga sababbin raunuka. Matar da aka sace ta dawo, maimakon a tarbe ta da tausayi, wani mijin sai ya juya mata baya ko ya sake ta, a kan abin da aka yi mata da bakin bindiga. Ga dubban matan da aka kashe wa mazaje, waɗanda ke karɓar kowane irin aure don yara su ci abinci. Ga iyayen da ke gaggauta aurar da yarinya don tsoron kada a sace ta. Ga kuma bindiga da ta shiga gidaje, a hannun ɗan sa-kai ko mai gadin gari, tana jingine a ɗakin da ake gardamar cefane.

Me addini da doka suka ce?

Masu duka sukan fake da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i. Malaman Malikiyya kuwa sun kewaye ta da sharuɗɗa masu tsauri: ba a taɓa fuska, ba a barin tabo, ba a yin abin da zai raunata, kuma barin sa gaba ɗaya shi ya fi. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai hidima ba. Babban malamin Malikiyya na Tunisiya, Ibn Ashur, ya tafi a kan cewa hukuma na iya hana dukan ta kuma hukunta mai yi idan maza suka wuce iyaka. Aya ta 35 ta surar kuma ta yi umarni da a naɗa masu sulhu daga dangin kowane ɓangare, ba daga na miji kaɗai ba. Sarki Muhammadu Sanusi II ya daɗe yana kiran a yi dokar iyali a Kano da za ta hana dukan mata, ya kuma sha suka a kan haka.

A Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'a a 1999, yawancin rigingimun aure suna ƙarewa ne a wurin mai unguwa, ko Hisba, ko kotun shari'a. Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne bambancin khul'i da raba aure saboda cutarwa. A khul'i ita ce ke biya ta fanshi kanta. Idan kuwa cutarwa ta tabbata, alƙali na da ikon raba auren ba ta mayar da komai ba, kuma ko ta riga ta biya, in aka tabbatar cutar ce ta tilasta mata, ana mayar mata da kuɗinta.

Dokar ƙasa tana da baki biyu. Sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code na arewa ya bar wa miji damar hora matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta mayar da dukan miji ko mata laifi mai ɗaurin da ya kai shekara uku, ta kuma haramta kora daga gida da tauye dukiya da watsi da iyali. A Abuja ta fara aiki, daga baya mafi yawan jihohi suka yi tasu.

Alamomin da ba a jira a kansu

Akwai lokacin da maganar sulhu ba ta taso ba, sai dai a fitar da mace tukuna. Idan ya taɓa shaƙe mata wuya, domin bincike a Amurka ya nuna haɗarin kisa yana ninkuwa fiye da sau bakwai bayan haka. Idan ya yi barazanar kashe ta ko kashe kansa, ko ya zare mata wuƙa ko adda, ko akwai bindiga a gidan. Idan yana dukan ta da ciki, ko dukan yana ƙara yawa yana ƙara tsanani. Lokacin da ta yanke shawarar tafiya shi ne mafi haɗari, don haka kada a bar ta ta fita ita kaɗai, kada kuma a sanar da shi inda ta sauka.

Wadda aka yi wa fyaɗe, a gida ne ko a daji, tana buƙatar isa asibiti cikin awa 72 don a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, kula da irin waɗannan mata kuma yana cikin aikinta. Wadda aka daka ma ta je a duba ta, ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya gaskiya, a rubuta, ta adana katin.

Maƙwabta kuma suna da rawar da ta fi yadda suke zato. A fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu ke aiki da shi, cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya yaɗu a tsakanin mutanen unguwa. Matar da ke jin kukan ta bayan katanga da dattijon da ya sha shiga rabo, idan suka yarda suka je gaban alƙali suka faɗi abin da suka sani, maganarsu na iya isa a raba auren ba tare da ta biya ko kwabo ba.